Idon Gola na Hagu

"Ka cire shi."

Ko sallama Auta ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin fili, farar rigar kantin maganin da take aiki na leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta, numfashinta na fita sama-sama don saurin da ta yi.

Koci yana durƙushe yana cusa ƙwallaye a buhu. Ya ɗago ya dube ta, ya waiga wajen 'yan wasansa da ke can gindin bishiya suna kwance igiyar takalma, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Sannu da zuwa, Auta. E, na cire shi."

"Ranar Asabar fa! Ranar da mutanen babbar ƙungiya za su zo zaɓen 'yan wasa. Baba har ya gaya wa ma'aikatansa ba a buɗe shago ran nan. Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka tsaya kana lallaɓa ƙwallaye ba. Ya ce in gaya maka gobe bayan la'asar yana son ganinka. Kuma ba kai kaɗai ya kira ba."

Bai tambaye ta wa kuma aka kira ba. Duk su biyun sun san Manaja ne.

Wanda aka cire ɗin yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda duk unguwa ke kira Gola. Tun yana tatata mahaifinsu, da yake kafinta ne, ya kafa masa turaku biyu da sanda a tsakar gida, in ya tashi daga aiki ya yi ta harba masa ƙwallon tsumma. Yau in ka ce Kafinta ba lalle ya waigo ba. Ka ce Baban Gola, sai ya washe baki ya jawo maka kujera.

Shi kuwa Koci malamin motsa jiki ne a wata makaranta, ga tsohon babur ga usur a wuya, da yamma yana horar da ƙungiyar unguwa. Baba bai taɓa ɓoye cewa ya so wa autarsa wanda ya fi haka ba. Ya dai lamunta ne don ɗansa na hannun mutumin, har ya kai ga ce masa, "A gama wasan Asabar lafiya, sai ka turo manyanka."

Manaja kuwa gidajen mai gare shi, da mota mai baƙin gilashi, da ƙungiyar ƙwallo tasa ta kansa, wadda da ita za a kara ranar Asabar ɗin. Ya daɗe yana zarya ƙofar gidansu, Auta na aikawa a ce ba ta nan.

"Zo mu matsa daga nan," in ji Koci. "Yaran nan kunnuwansu sun fi ƙafafunsu gudu."

Suka koma bayan raga, inda ciyawa ta mutu saboda tsayuwarsa. Nan yake tsayawa kullum in ana atisaye. Sauran masu horarwa a gefen fili suke tsayawa suna bin ƙwallo da ido, shi kuwa sai ya koma bayan golansa yana kallon ƙeyarsa da diddigensa. Ta nan ya gano abin da gidansu duka ba su gano ba.

Watannin baya, a wani bugun kwana da aka yi daga kusurwar fili, wani ya sakar wa Gola gwiwa a fuska. Ya tashi ya ƙarasa wasan, 'yan kallo na ihu suna yabonsa. Bayan 'yan makonni ya samu Auta a kantin magani ya ce ta ba shi maganin ɗigawa, wai wani baƙin labule ke sauko masa a idon hagu. Ita ta ja shi wajen likitan ido. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kafin nan duk wani bugu da ya sake samun kan nan, idon na iya tafiya gaba ɗaya. A bakin ƙofar asibitin Gola ya riƙe hannunta ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Koci da kansa ya ga golansa ya fara juya kai gaba ɗaya in ƙwallo ta taho ta hagu, kamar kaza na kallon tsaba. Ya kira shi gefe, Gola ya yi musu, ya yi rantsuwa, daga baya ya fashe da kuka. Koci ya ce masa, "Ba ni zan kai maganarka gida ba, kai za ka kai ta. Amma ba za ka sake tsaya min a raga ba sai an yi aikin."

"Ka saurare ni," in ji Auta, ta sassauta murya. "Ni ma ba na so ya buga. Wallahi tun ran nan in na ji an harba ƙwallo idonsa nake tunawa. Ban ce ka mai da shi ba. Abu ɗaya nake roƙonka. In Baba ya tambaye ka gobe, ka ce targaɗe ya yi a idon sawu."

Koci ya kai dubansa ga ragar.

"Ka ga, shi ke nan fa. Yaya bai buga ba, idonsa ya tsira. Baba zai ji haushi, amma ba da kai ba, da ƙaddara. Manaja ba shi da ta cewa. Ni ban karya rantsuwata ba, kai ba ka karya alkawarinka ba. Wa aka cuta? Ka faɗa min mutum ɗaya da aka cuta."

"Targaɗe yana warkewa, Auta. In ya warke fa? In ce gwiwa? Daga gwiwa in hau ƙugu? Kafin a ɗaura mana aure na gama kakkarya yayanki gaɓa-gaɓa."

"Ba dariya na zo yi ba!"

"Ni ma ba ita nake yi ba. Muddin ana cewa ƙafa ce, ba wanda zai kai shi a yi masa aikin ido. Labulen nan ba jiranmu yake ba."

"To ka faɗi gaskiyar mana gaba ɗaya, kowa ya huta!"

"Ba tawa ba ce. Na ce masa ba ni zan kai ta ba."

Ta yi wata 'yar dariya mai zafi, hawaye na gangaro mata. "Ba za ka yi ƙarya ba, ba za ka faɗi gaskiya ba. To me za ka ce wa Baba? Usur za ka hura masa?"

"Zan ce akwai dalili, ya tambayi ɗansa."

"Ai kuwa ka gama da mu. Ka san Baba. Zai ce raini ne." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ka san abin da na lura da shi, Koci? Ba ni kake karewa ba, ba Yaya ba. Sunanka kake karewa. A dai ce Koci ba ya ƙarya. Yaranka su riƙa faɗa a gari, ai Koci in ya ce ba ka iya ba, to ba ka iya ba. Daɗi kake ji. Ni kuwa in na tashi a gidan Manaja, sai ka rungumi sunan naka ku kwana."

Ta yi tsammanin zai musa. Namiji in an soke shi a nan, musawa yake yi. Sai ta ga ya sunkuyar da kai yana murza igiyar usur ɗinsa.

"Wataƙila akwai wannan a ciki," ya ce a hankali. "Ban isa in rantse babu ba."

Wannan amsar ta fi musu ƙona mata rai, don ba ta bar mata inda za ta kama ba.

"Amma ki duba wani abu," ya ci gaba. "Yaran can, duk wanda na ce masa tashi ka koma, ƙafarka za ta ɗauke ka, komawa yake bai duba ƙafar ba. In na ce zauna, ya zauna. Ba ni da mota, ba ni da gidan mai. Wannan kaɗai gare ni. Kuma shi zan shiga da shi gidanku. Tambayar farko da mahaifinki zai yi min a matsayin mai neman 'yarsa, ki ce in amsa ta da ƙarya?"

"Na ce ka amsa ta da tausayi."

"Auta..."

"Kada ka kira ni. Sau ɗaya na taɓa roƙonka abu. Sau ɗaya."

Ta juya. Ta ji takunsa a bayanta, ta ji ya tsaya. Har ta kai titi tana jira ya ce to, na ji, zan faɗa. Abin da ta ji kawai shi ne ƙarar buhun ƙwallaye da ya saɓa a kafaɗa.

* * *

A tsakar gida ta tarar da Goggo, yayar Baba, ta baje a tabarma tana jujjuya wata sabuwar safar hannu ta gola, fara ƙal, har da ledarta.

"Ga 'yar gidan malamin tsalle-tsalle nan ta dawo," in ji Goggo. "Zo ki ga abin arziki. Ko awa ba a yi da jin labari ba Manaja ya aiko da wannan. Shafa ki ji, kamar kumatun jariri. Naki kuwa me ya aiko? Baƙin ciki."

"Ina wuni, Goggo."

"Da ban wuni ba kya gan ni? Ke, in tambaye ki. Mutumin da tun yana waje ya iya dasa wa yayanki wuƙa a maƙoshi, in ya shigo ciki wa zai bari? Hassada ce fa, ba komai ba. Shi ya buga ƙwallon bai kai ko'ina ba, ya ga yaro zai wuce shi."

Umma na bakin murhu tana fifita gawayi, ba ta ɗago ba. Sai da Auta ta zo wucewa ta kama gefen zanenta.

"Kin gan shi? Me ya ce?"

"Ya ce zai zo."

"Ba shi na tambaye ki ba. Me yaron nan ya yi masa? In rashin kunya ce a ba shi haƙuri. Ubanku ko ruwa bai sha ba tun da rana." Ta ƙura mata ido. "Ke ba abin da kika sani?"

"Babu, Umma."

Kalmar ta fita sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Abin da ya ba Auta tsoro ke nan. A farko in ta ce babu sai ta ji zuciyarta na dukan haƙarƙari. Yanzu bakinta ya saba, kamar yadda hannu ke sabawa da makullin ɗaki.

Ta wuce ɗakin Gola ta tura ƙofa. Yana zaune a bakin gado da sabuwar rigar wasa a cinyarsa, mai launin ƙungiyar Manaja. Ya ɗauki jug zai zuba ruwa a kofi, ruwan ya sauka a gefen kofin ya jiƙa tebur. Ya yi sauri ya gyara, ya harare ta kamar ita ta ture masa hannu.

"Yaya, rigar me ce wannan?"

"Idonki biyu, ki duba mana."

"Ba za ka buga masa ba."

"Wa zai hana? Saurayinki? Ya kore ni daga ragarsa, ba daga duniya ba."

"Likita ya ce bugu ɗaya..."

"Likita ya taɓa tsayawa a raga? Wasa ɗaya ne, Auta. Ɗaya. In suka ɗauke ni, su da kansu za su yi min aikin a asibitin da ya fi wannan."

"Sai sun duba ka kafin su ɗauke ka. Ka fi ni sani."

"In an kai nan zan san yadda zan yi."

Ta durƙusa a gabansa ta kama gwiwarsa. "Don girman Allah ka gaya wa Baba da bakinka. Gobe, kafin su zo. Zai yi faɗa, zai yi kuka, ya gama. Ɗansa yake so, ba raga ba."

"Kin tabbata?" Ya dube ta, ya ɗan karkatar da kai yadda yake yi yanzu. "Kin taɓa jin ya kira ni da sunan da ya raɗa min? Ni kaina sai na yi tunani nake tuna shi. In ba gola ba ne ni, wane ne a gidan nan? Mai miƙa ƙusa?"

Ta saki gwiwarsa.

"Kin rantse," ya ce. "In kika buɗe baki, ba ni ba ke har abada. Tashi ki ja min ƙofa."

* * *

Falon Baba duk kujerunsa aikin hannunsa ne, har yanzu in rana ta yi zafi suna fitar da ƙamshin katako. Washegari bayan la'asar ya zauna a babbar, ya nuna wa Gola wata 'yar kujera a damansa.

"Zauna nan."

Gola ya ɗan yi jim. Kwanan nan duk inda zai zauna sai ya zaɓi wurin da mutane za su kasance a damansa. Nan kuwa Baba a hagunsa zai faɗo. Ba yadda zai yi, ya zauna.

Auta da Umma na bayan labulen ƙofar ciki. Goggo ba ta san labule ba, tana cikin falon da carbinta.

Manaja ya riga zuwa, turarensa ya cika ɗakin kafin shi. Ya zube ya gai da Baba, ya gai da Goggo har da tambayar ƙafarta. Can aka ji tarin tsohon babur a waje, Goggo ta ce, "To, ga jirgin sama nan ya sauka."

Koci ya shigo da sallama, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba ya amsa a taƙaice bai nuna masa kujera ba. Ya zauna a ƙasa.

"Ba dogon zance na kira ka ba," in ji Baba. "Ɗana ya yi maka rashin kunya?"

"Bai taɓa ba, Baba."

"Yana fashin atisaye?"

"Shi ke riga kowa zuwa."

"Kana da wanda ya fi shi?"

"Ban taɓa horar da golan da ya kai shi ba."

"To ciwo gare shi? Ƙafa ce? Hannu ne?"

Auta ta damƙe labulen. Ga ƙofa Baba ya buɗe masa da kansa. Kalma ɗaya ce. Ta rufe ido tana faɗinta a zuci, tana tura masa ita ta cikin labule: targaɗe, targaɗe.

"Ƙafarsa lafiya, hannunsa lafiya," in ji Koci. "Akwai dalili, Baba, kuma babba ne. Amma na yi masa alkawari ba daga bakina za a ji ba. Ga shi nan zaune. A tambaye shi."

Baba ya juya. "Kai, mene ne?"

"Ni ban san komai ba," in ji Gola, idonsa a ƙasa. "Shi ya san abin da yake nufi."

"Kun ji ko!" Goggo ta tafa hannu. "A cikin falonka, a gaban ɗanka, yana yi maka wasa da hankali."

Jijiyar wuyan Baba ta tashi. "Ni za ka zo wa da alkawari? Ni na haife shi! Kana neman 'yata, na tambaye ka magana, ka ce in je in tambayi yaro?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me? Ka mai da shi raga ranar Asabar, in manta an yi wannan zaman. Maganar manyanka tana nan yadda na faɗa. Ka ƙi, to ka san hanyar da ta kawo ka."

Umma ta matse hannun Auta. Goggo na ta jan carbinta, ƙas, ƙas.

"Ba zan mai da shi ba," in ji Koci. "Ina son Auta, Allah ya sani. Amma ba zan mai da shi ba."

"To tashi."

Manaja ya yi gyaran murya. "Baba, kada ranka ya ɓaci a kan abin da ba shi da wuya. Raga ai ba ɗaya ba ce a filin nan, biyu ce. Gola ya tsaya a tawa ranar Asabar. Sauya ƙungiya waya ɗaya ce. Mutanen nan su gan shi, su ga kuma wanda ya yar da shi."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Goggo.

Koci ya riga ya miƙe, amma bai nufi ƙofa ba. Ya juya wajen Gola.

"Gaskiya ne? Za ka tsaya masa?"

"Ina ruwanka?"

"Yarana ne za su riƙa harbo maka ƙwallo. Ni na koya musu su cika gaban gola in an bugo kwana, gwiwa da kai da kafaɗa." Ya matso kusa da shi. "Na yi maka alkawari don ka samu lokacin faɗa da bakinka, ba don ka ɗauke shi ka kai wata ragar ba. A gabanka nake faɗa, ba a bayanka ba. In ba ka faɗa yanzu ba, zan karya shi."

Gola ya ɗago. "Ashe kai ma maƙaryaci ne."

"In ta kai ga haka, na yarda a kira ni."

Auta ta ga Koci ya buɗe baki. Ta ga abin da zai biyo baya sarai: zai faɗa, Yaya ya musa, Goggo ta ce sharri ne na wanda aka kora, Baba ya tura shi waje, ranar Asabar kuma a tsayar da Yaya a raga. Maganar baƙo ce a kan ɗan gida. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya ji abin da likita ya ce da kunnensa.

Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Idonsa ne, Baba. Na hagu. Ba ya gani da shi sai kaɗan. Ni na kai shi asibiti. Likita ya ce in aka sake bugunsa a ka, idon ya tafi."

"Ƙarya take yi!" Gola ya zaburo yana nuna ta. "Ƙarya ce! Sun haɗa baki ne don ta aure shi! Ke, ba ki da kunya? Ba ki tsoron rantsuwa? Saboda namiji za ki..."

Baba ya ɗan matso gaba a kujerarsa. A hankali ya ɗaga hannunsa, wannan hannun mai kanta da tabon zarto, ya miƙa shi ta gefen hagun ɗansa, ya tsayar da tafin dab da kumatunsa. Ko yatsa biyu babu tsakani.

Gola ya ci gaba da zagin ƙanwarsa.

Kowa a ɗakin yana kallon hannun, ban da shi. Carbin Goggo ya tsaya. Daga bayan labule Umma ta saki wani sauti kamar an taka ta. Sai a nan Gola ya lura ba shi ake kallo ba, gefensa ake kallo. Ya juya kai gaba ɗaya, ya ci karo da tafin mahaifinsa.

Hannun ya sauka a kumatunsa, ba da mari ba. Baba ya riƙe fuskar yana leƙa idon, kamar yadda yake duba katakon da ya tsage ta ciki.

"Tun yaushe?" ya ce, da wata murya da Auta ba ta san shi da ita ba.

Manaja ya gyara zama. "Subhanallahi. Abu bai yi daɗi ba. Amma Baba, in an duba, wasa ɗaya ne fa. Sai in sa 'yan baya biyu su tsare masa hagun. In aka dace aka ɗauke shi..."

"Manaja." Baba bai ko dube shi ba. "An gode da safar hannu. Ka tafi da ita ka ba mai ido biyu."

"A'a, Baban Gola, kada a yi saurin..." in ji Goggo.

"Yaya, raka shi," Baba ya ce wa Goggo.

Suka fita, turaren ya daɗe bai bi su ba. Gola ya zame fuskarsa daga hannun Baba ya miƙe. Da ya zo daidai Auta ya tsaya.

"Daga yau ba ni da ƙanwa."

Ya wuce, kafaɗarsa ta hagu ta bugi katakon ƙofa. Umma ta bi shi tana kiran sunansa na yanka, sunan da aka daɗe ba a ji a gidan ba.

Saura su uku. Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Mutane na son mai gaskiya ƙwarai in gidan maƙwabta ya nufa da ita. Yau ta shigo falon Baba ta zauna, kuma da alama ba ta gama ba.

"Ke kin sani tun farko," ya ce. "Uwarki ta tambaye ki, kika ce babu."

"Ya sa ni na rantse, Baba."

"Na ji." Ya juya ga Koci. "Zauna. A kujera." Koci ya zauna a bakin kujerar kamar mai jiran a tashe shi. "Jiya na aike ta wajenka. Ta daɗe ba ta dawo ba, ta dawo ido a kumbure. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ta roƙe ka ka yi min ƙarya?"

Auta ta ɗago kai. Ta dubi Koci. Duk abin da ke cikinta ya taru a idonta. Yayanta ya tafi. Uwarta ta san ta yi mata ƙarya. Wannan ɗan mutuncin kaɗai ya rage mata a wurin Baba, kuma ba wanda zai cutu in an bar mata shi. Ba ido a ciki, ba raga. Ita ce kawai.

Koci ya dube ta. Ta ga ya gane. Ta ga abin ya yi masa ciwo.

"Ta roƙe ni, Baba," ya ce. "Ta ce in ce targaɗe ne. Tsoro ne ya sa ta. Kuma ita ce ta fito yau, ba wanda ya tura ta."

Rabin maganar na ƙarshe ko shiga kunnenta bai yi ba.

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Da ka ce a'a, da na san ƙarya ce, don na san 'yata. Da kuma ka bi Manaja waje." Ya goge fuska da hannu biyu. "Gobe za ka raka ni wajen likitan nan. In an yi aikin yaron nan, ka turo manyanka."

Koci ya zame daga kujera ya durƙusa. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Dakata, ban gama ba. Ba ni zan zauna da kai ba." Ya juyo gare ta, idonsa jajur. "Auta, ga shi nan. Kin ji da kunnenki. Mutumin da ko a gaban ubanki bai rufa miki ba. Kada ki ce zai sauya, irinsu ba sa sauyawa. Haka za ki yi ta sha har ku tsufa, ran da kike so da ran da ba kya so. Kina sonsa a haka?"

Ta tsaya hawaye na zuba, ba ta share ba. Amsa mai daɗi tana nan a bakinta, wadda kowace yarinya ke bayarwa da sunkuyar da kai, kowa ya ji sanyi. Ta haɗiye ta.

"Ina sonsa, Baba," ta ce. "Amma yau ba na son ganinsa."

Koci ya runtse ido. Baba ya dube shi, ya nuna masa ƙofa da haɓa.

"To ka ji. Kai ka koya mata. Ɗauki babur ɗinka."